Hular Tashar Marke

Dukanku kun san hular nan da ke ƙasan akwatin Inna, mai saƙi shuɗi da ratsin ja, wadda ake karya ta gefe guda. Kuna ƙanana kun sha sa ta kuna rawa a tsakar gida, sai Inna ta kore ku. Kun kuma ji abin da ake faɗa a Kamarawa game da kakanku Malam Nomau, ko da ba a gabanku ake faɗa ba: wai ya taɓa fasa kayan gwamnati, ya yi zaman gidan yari. Zaman gidan yarin gaskiya ne. Sauran zancen nake so in shimfiɗa muku a nan yadda na gan shi, domin ina wurin, kuma iyakar sanina, cikin waɗanda suka tsaya a wurin ran nan ni kaɗai na rage.

Layin dogo bai taɓa zuwa ƙasarmu ba. A Ƙaura ya tsaya, kamar matafiyin da ya ajiye kaya ya ce nan ma ya isa. Mu mutanen Isa da Sabon Birni, jirgi abu ne da ake takawa a same shi. Kudu da Ƙaura akwai wata ƙaramar tasha da muke kira Tashar Marke, saboda wata itaciyar marke da ke bayan ofis. Don ruwa aka gina ta. Jiragen farko masu kwal ne, suna shan ruwa kamar raƙuma, sai aka haƙa rijiya mai zurfi a nan, aka ɗora tanki a kan dogayen ƙafafun ƙarfe. Da yake burtalin shanun da ya taso daga Gobir ta nan ya gitta, aka ƙara shinge, da kwamin siminti na shayar da dabbobi, da gangaren da ake kora su cikin tarago. Daga baya gyaɗa ta samu kasuwa, buhuna suka riƙa taruwa har su tsere wa rufin ofis. Masu fura da masu ƙosai suka kafa rumfuna. Wurin bai taɓa zama gari ba, amma ranar da jirgin kaya zai tsaya, sai ka rantse kasuwa ce.

Baba manomi ne, gero da dawa da ɗan wake, sai dai da rani aikinsa kai dabbobin mutane tasha. Tsofaffi da matan da mazansu suka rasu su ne masu kawo masa igiyar saniya su koma gida su kwanta. Gidanmu gidan ajiya ne. Ɗakin Inna cike yake da ƙullin mutane: damin iri na wannan, tasoshin auren 'yar wancan, sirdin wani da ya tafi cin rani. Na tashi ina ratsa kayan da ba namu ba kafin in kai gado, kuma ban taɓa jin an ce wani abu ya ɓace ba. Baba bai da sarauta, bai da dukiya. Wannan ɗakin ne abin da yake da shi.

Tashar Marke ta fi Ƙaura nisa daga wajenmu, amma can yake zuwa, saboda ruwan, da kuma saboda mutum ɗaya. Mai kula da tashar wani Bayarabe ne, Alabi, kowa na ce masa Masta. Kun san tsakanin Bagobiri da Bayarabe wasa ne tun kakanni. Ba a fushi, ba a kai ƙara, abin da ɗaya ya fizge daga hannun ɗaya kuma ba a kiransa sata. Ni a lokacin labarin kawai na sani. Ranar da Baba ya fara raka ni in hau jirgi zuwa kwalejin horon malamai, muna shiga tashar sai wani gajeren mutum mai tuta a hammata ya daka mana tsawa.

"Yau kuma wa ya kwance mini bawana?"

"Ubangida ne yaz zo duba bawanshi," in ji Baba. "Har yanzu barkono kake ci, ko an koya ma tuwo?"

"Ji mutumin da aka yi wa tsaga don kada ya ɓace a kasuwa."

"Taka tsagar hwa? Mussa ta yaƙushe ka?"

Na riƙe akwatina, na ɗauka dambe za a yi. Kafin jirgi ya iso suna cin abinci a kwano ɗaya. Tun daga ran nan Masta yake ce mini Tica, tun ban koyar da kowa ba, Baba kuwa Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. A shekarun da na yi ina hawa da sauka a tashar nan na ga tana ramewa a hankali. Aka kawo jirage masu shan mai, waɗanda ba ruwansu da tanki. Gyaɗa ta yi ta ja da baya. Rumfunan masu fura suka ragu. Ni yarinya ce mai yawan kallo da tunani, nakan zauna a gindin marken in bi ƙarfen dogo da ido har inda yake narkewa cikin rana, ina ƙulla baitoci a raina. Ban taɓa kawowa a zuciyata tasha tana mutuwa ba.

A shekara ta biyu ta fari na gama kwaleji, aka tura ni koyarwa wani gari a kudu, na zo gida in yi sallama. Damina biyu ke nan gero yana tsayawa iya gwiwa ya bushe. Gulbi ya zama yashi, ana tona shi tsawon mutum kafin a ga danshi. A rijiyar gari guga kan dawo da laka. Mutanen arewa, na ƙetaren iyaka, suna ta wucewa ta bayan gidanmu da jakuna da tabarmi, ba sa ko tsayawa tambayar hanya. An sare ganyen gawo an ba shanu har itatuwan suka koma kamar hannuwa a sama, aka kwance bunun rumfuna aka ba su, daga nan ba sauran abin bayarwa. Sai masu shanu suka fara zuwa ƙofar gidanmu da igiya a hannu. Shawarar ita ce Baba ya kai su Tashar Marke tun suna iya tsayuwa, a ɗora su tarago zuwa kudu, a dawo da hatsi. Inna ba ta so ba. Tana tankaɗen dusa ta yi maganar, ba ta ɗaga kai ba.

"Malam, shanun ga ba naka ba ne. In sunka mutu nan, Allah yak kashe su. In sunka mutu bisa hanya, kai kak kashe su."

"Masu su sunka kawo igiya da hannunsu. In ce musu mi?"

"Ka ce ba ka iyawa."

"Tashar Marke ruwanta ba shi ƙarewa. In munka kai, Alabi shi ba mu tarago. Za ni."

Babu wanda ya sani a Kamarawa cewa an rufe tashar. Labarinta masu koren shanu ke kawowa, kuma a shekarar ba wanda ya je. Tashar a wajenmu kamar dutse take, ko gulbi, abin da ba a aikawa a tambayi ko yana nan.

Muka tashi mu uku: Baba, da ni a kan jaki da akwatina, da Jabbi, wani Bafillace maƙwabcinmu wanda ya haɗa 'yan shanunsa da suka rage da na amanar. Ba zan tsawaita zancen hanya ba. Muna tafiya da sanyin safiya da na yamma, da rana mu fake. A wasu rijiyoyin an bar mu mun ɗiba, a wasu an ba mu haƙuri, kuma ban ga laifin kowa ba. Saniyar da ta kwanta, Baba da Jabbi su kama ƙaho da wutsiya su ɗaga ta. Wadda ta ƙi tashi, Baba ya yanka ta, ya yanke kunnen da ke da shaidar mai ita ya sa a jaka. Rijiyar ƙarshe da muka sa rai a kanta mun same ta a bushe. Daga nan shanun suka daina kuka.

Da hantsi muka hango tankin. Shanun ne suka fara sanin akwai ruwa a ciki, suka ɗaga hanci, suka ƙara sauri har suna tuntuɓe. Amma ba rumfa ko ɗaya. An kafe tagogin ofis da katako. Kwamin siminti a bushe yake, bakin famfon kuma an ɗaure shi da sarƙa, an sa kwaɗo, an buga hatimin dalma a jikin kwaɗon. Muna tsaye wani jirgin kaya ya zo ya wuce, bai rage gudu ba, bai yi ƙara ba. Shanun suka taru a gindin tankin suna lasar ƙafar ƙarfen inda take da ɗan sanyi. Masta yana zaune a kan ɗaurarrun kayansa a inuwar marke, iyalinsa sun riga sun tafi. Na jira in ji an ce wa ya kwance bawa. Sai na ga Baba ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, Masta."

Ban taɓa jin ya gaishe shi haka ba. Masta ya kawar da fuska kamar an mare shi.

"An rufe, Nomau," ya ce. "Jirgi ba ya tsayawa nan kuma. Gobe sufeton jirgi zai zo ya karɓi makullai, ya tafi da ni. Ka ga hatimin can? In na karya shi da hannuna, kora ce. 'Yan watanni suka rage mini in ajiye aiki, ga yara a makaranta. In aka kore ni, fansho ya tafi."

"Na ji," in ji Baba. "Ba ni so in zama sanadi. Allah shi ba mu mahita."

Ya tashi ya sa takalmi, ya ce wa Jabbi a juya su. Jabbi bai motsa ba.

"A juya su ina, Malam? Ba su kai Ƙaura. Ba su kai ko waccan kukar."

Ina kallon Masta a lokacin. Ya zaro makulli daga aljihu, ya juya shi a hannu, ya cire hularsa ya cusa makullin a cikin karyarta, ya mayar da ita kai. Ya gyara zama, ya miƙe ƙafa. Sai ya ɗaga murya.

"Dama na sani, Bagobiri baki ne kawai. Ana ta ba mu labarin kakanninku, wai mayaƙa. Ashe masu durƙuso ne."

"Alabi, yau ba ranar wasa ba ce."

"Wa ya ce maka wasa yana zuwa hutu? Yau dai bawa ya gane ubangidansa. Dawo ka ƙara durƙusawa, ban ƙoshi ba. Tica, ki rubuta wannan ki koya wa yara."

Yana magana yana sunkuyo da kai gaba, har hular ta zamo kan goshinsa. Raina ya ɓaci, don ban gane ba tukuna. Baba ya gane. Ya daɗe a tsaye yana duban hular, kuma yanzu na san lissafin da yake yi. In Masta ya buɗe da kansa, Masta ne zai ɗauki laifin. In an ƙwace masa, zai iya rantsuwa da gaskiya cewa ƙwace aka yi, amma dole a sami wanda ya ƙwace, kuma sufeto da doka ba su san wani wasan kakanni ba. Baba ya juyo gare ni.

"Uwata, buɗe idonki ki ga abin da za ni yi. Za a tambaye ki."

Ya taka ya fizge hular, ya sa hannu ya ture Masta daga kan kayan har ya faɗi ƙasa, rigarsa ta yi ƙura. Masta yana kwance ya ce, "Ɓarawo, jama'a, ɓarawo," da muryar da ba ta fita daga inuwar marken ba. Baba ya karya hatimin, ya buɗe kwaɗon, ya murɗa famfon. Ruwan ya fito ja da tsatsa, sannan ya washe. Jabbi ya shiga tsakanin shanun da kwamin da sandarsa, yana barinsu kaɗan kaɗan, yana kiran kowace da sunanta, don saniyar da ta daɗe da ƙishi in ta sha ta cika ciki a tashi ɗaya nan take faɗuwa. Ni ma na sa hannu na sha a gefen wata baƙar karsana. Kafin la'asar mutanen rugagen da ke kusa sun ji, sun zo da tuluna da goruna da tumakinsu, ba wanda ya hana su. Tankin da ya shayar da jirage ya yi aikinsa na ƙarshe.

Da gari ya waye shanun suka sake sha, Baba ya sallami Jabbi ya bi burtali da su kudu, inda aka ce akwai sauran ciyawa a daji. Shi ya zauna. Ya sa hular a kansa, a karkace, suka ci sauran garin rogon Masta a kwano ɗaya.

"Kai ma ka bi su mana," in ji Masta. "Wa ya san Kamarawa a ofishinmu?"

"In na tahi, wa za ka nuna musu?"

Sufeto ya zo da hantsi a wani gajeren jirgi. Saurayi ne daga nesa, ba mugu ba ne, aikinsa yake yi. Ya ga hatimi a karye, tanki ya kusa ƙarewa. Masta ya ce an ƙwace masa makulli da ƙarfi. Baba ya ce shi ne. Da sufeto ya ji ina jin Turanci sai ya tambaye ni abin da na gani, na ce na ga mahaifina ya fizge hula, ya ture mai tasha, ya buɗe famfo. Ya karɓi makullin. Hular ba wanda ya tambaya. Aka ɗora mu duka a taragon baya, Masta da kayansa, ni da akwatina, Baba a gefe da hular a kai. Jakinmu aka bar wa wani mai ruga. Iyakar sanina, mu ne mutanen ƙarshe da jirgi ya tsaya ya ɗauka a Tashar Marke. A birni alƙali ya ji Bagobiri da Bayarabe ne, aka ce har ya yi murmushi, amma kayan gwamnati ne, ga shaida, ga mai laifi ya amsa. Baba ya yi wasu watanni a gidan yari. Masta ya sami takardar gargaɗi, ya ƙarasa aikinsa a wata tasha, ya koma ƙasarsu da fanshonsa.

Ruwa ya sauka a shekarar, ko da bai yi yawa ba. Jabbi ya dawo da mafi yawan shanun a kan ƙafafunsu, ya mayar wa kowa tasa, waɗanda tasu ta mutu ya ba su kunnuwa. Amma labarin gidan yari ya riga shi isowa, kuma ya iso shi kaɗai, babu hula, babu tanki. Waɗanda suka yi asara suna buƙatar wanda za su ɗora wa, waɗanda ba su yi ba suka yi shiru. Ba wanda ya zagi Baba da ya dawo. Mutane ne dai suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Wannan yana so ya shanya irinsa, waccan za ta wanke tasoshin. Da na zo hutu na tarar da ɗakin Inna ya yi faɗi, ana jin amon murya a ciki. Na ce wa Baba ya faɗa musu yadda aka yi, ai Gobirawa ne, za su gane.

"Magana mota take hawa, Uwata. In ta kai ofishin su Alabi cewa da saninshi anka yi, na yi zaman banza ke nan."

Bayan shekaru, da na tabbata Masta ya daɗe da ajiye aiki, na sake yi masa zancen. Ya ce, "Yanzu wa ke tambaya?" Ya ci gaba da gyaran kalmensa na noma. Bai sake kai dabbar kowa ko'ina ba, ba a kuma sake kawo masa igiya ba. Ya hana ni faɗa, na bi maganarsa muddin yana raye.

Tashar kuwa na ci gaba da ganinta ta tagar jirgi, tana wucewa da sauri. Aka fara kwashe kwanon rufin, sannan ƙofofi. Sunan da ke jikin allo ya goge. Wata shekara na ga tankin ya karkata, zuma ta yi gida a ciki. Wata shekarar ba tankin. Marken ne ya fi daɗewa. Daga baya jirgin ma ya daina zuwa, gonaki suka haɗiye wurin. In kun bi ta can yanzu ba abin da za ku gani sai bakin kwamin siminti a tsakiyar dawa.

Ranar sadakar arba'in ɗin Baba, maza suna zaune a ƙofar gida, ina zaure ina miƙa kwanoni, motar Isa ta sauke wani tsoho mai sanda. Wani makaniken Bayarabe da ke kasuwar Isa ne ya aika masa da labari. Kansa ba hula, rana tana dukan sanƙonsa. Bai yi sallama ba.

"Ina ɓarawon hulata? An ce ya gudu."

Liman ya ce, "Bawan Allah, gidan mutuwa ne." Tsohon ya ce ya sani, ai shi ya sa ya zo. Ya zauna a bakin tabarma, ya ba su labarin tun daga farko, da Hausarsa ta 'yan jirgi: hatimin, da inda ya cusa makullin, da zagin da ya yi ta yi har aka fizge, da tambayar da Baba ya yi masa da safe. Cikin waɗanda suka kwashe ajiyarsu kaɗan ne suka rage da rai. Biyu daga cikinsu suna wurin, suka sunkuyar da kai suna jan carbi. Matasa ba su ma damu da zancen ba, suna jiran a raba waina. Aka yi addu'a aka shafa.

Sannan ya nemi ya gaisa da Inna. Tana takaba, sai aka tsayar da shi a bakin ɗakin nan nata, ita tana bayan labule. Ya yi mata gaisuwar rashi yadda ake yi, ta amsa.

"Matar bawana," ya ce, "a ba ni hulata in tafi."

Inna mace ce da ban taɓa jin ta yi wasa da wani namiji ba. Sai ga muryarta daga bayan labule.

"Abin da Bagobiri yaƙ ƙwace da rana tsaka ba shi komawa," ta ce. "Koma da sanƙonka."

Ya yi dariya har ya jingina da bango, ya sa hannun riga yana share fuska, ya daɗe yana sharewa. Ya kwana a zaurenmu, da safe ya hau motar Isa, kansa a buɗe. Ban sake jin labarinsa ba.

Hular tana nan. Duk wanda akwatin Inna ya faɗo hannunsa a cikinku, ya riƙa fito da ita yana shanyawa saboda asu. In kuwa wata rana wani Bayarabe ya zo nemanta, ku ba shi ruwa, ku ba shi tuwo, ku shimfiɗa masa tabarma. Hular kada a ba shi.